A yi tunani kafin a cire wa kat-kat jan gaba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana kan wani gyara da ya yawaita a garajojin Tawa da Yamai, wanda masu motoci ke ɗauka ƙaramin aiki ne, alhali ya taɓa birki, ya taɓa riƙon hanya, ya taɓa har tsayuwar mota in an ajiye ta. Gyaran shi ne maida kat-kat wadda tayunta huɗu ke ja kullum ta koma mai jan baya kawai, sai an so a sa mata na gaba. Mai mota zai zo ya ce gazuwal ya yi masa nauyi, ko pon gaba, wato ƙarfen da ke haɗa tayun gaba biyu, yana ƙara, ko an gaya masa kardan, sandar da ke juya taya daga pon, zai daɗe in aka hutar da shi. Cikin awa guda sai a kwance farfelar gaba, sandar da ke kai ƙarfin inji ga pon gaba, wadda wasu ke kira arbur, a jefa ta bayan mota, a danna buton ɗaya, a ce masa ya tafi. Wannan aikin ne muke son a daina.

Mu fara raba iri biyu, don daga nan ruɗanin ya taso. Hilux da Land Cruiser 75, 78 da 79, waɗanda suka cika hanyar Abalak da Agadas, tun daga kamfani aka yi su masu jan baya. Direba ne ke sa musu kat-kat in ya shiga rairayi, ya fitar in ya hau gudron. Ba su da diferansiyel a tsakiya, wato abin da ke raba ƙarfi ga ɓangare biyu ya bar kowanne ya yi nasa juyin, in an sa kat-kat farfelar gaba da ta baya sun zama sanda ɗaya. Su kuwa Land Cruiser 80 samfurin VX, da aka yi daga 1990 zuwa 1997, da yawancin Land Cruiser 100, da Prado 90 da 120, da Land Rover Defender, tayunsu huɗu ke ja ko'ina, gudron ko daji. Abin da ya ba su damar haka shi ne diferansiyel na uku da ke cikin buwat transfer (akwatin giyar da ke raba ƙarfi ga gaba da baya), wanda ke barin gaba da baya kowa ya yi nasa juyin. Dole ne a same shi, saboda a kwana tayun gaba suna zaga da'ira mafi faɗi, suna cin ƙasa fiye da na baya. Mai cewa "ai Hilux ma haka take kuma ba ta kashe kowa ba" ya faɗi gaskiya, amma ita Hilux ba a cire mata komai ba, haka aka tsara ta.

Halin diferansiyel ɗaya ne a duk inda yake: ƙarfi yana bin ɓangaren da ya fi sauƙi, kamar ruwa da gangara. In ka cire farfelar gaba, bakin gaba na buwat transfer ba ya ɗauke da komai, shi zai yi ta juyi a banza, mota ba za ta motsa ba. Shi ya sa mai wannan gyara yake danna buton mai kulle diferansiyel na tsakiya, ya ce a bar shi haka har abada. Daga ranar, motar duka ta rataya ne a kan zoben haƙora guda ɗaya da ƙaramin injin lantarkin da ke tura shi. Yaro ya taɓa buton, ko mai wankin mota, ko sabon direban da ya ga fitila na ci a tablo ya kashe ta, ko waya ta saki a bayan buton, makullin zai iya buɗewa. In ana tafiya ne, inji zai yi ta ruri ba ja, kuma a gangara ba sauran riƙon inji, birki kaɗai ya rage. In a ajiye take, abin ya fi muni. A mota mai otomatik, haƙorin da ke riƙe ta a P, wato giyar ajiyewa, yana cikin babbar buwat ne, kafin a zo transfer. In diferansiyel na tsakiya ya buɗe kuma ba farfelar gaba, tayun baya za su juya, bakin gaba ya juya a banza, haƙorin nan yana riƙe da abin da ba shi da alaƙa da ƙasa. Mota mai lebiye da aka bari a giya ta ɗaya ma haka ne. Sai birkin hannu kaɗai, kuma kowa ya san yadda birkin hannun tsofaffin Land Cruiser yake a garuruwanmu, an daɗe da mantawa da shi. Mota mai nauyin sama da ton biyu ta gangaro a ƙofar gida inda yara ke wasa, ba abin da za a tare da hannu ba ne. A Defender kuma birkin hannun yana kan bakin baya na buwat transfer, ba a taya ba, don haka wanda ya cire mata farfelar baya, in diferansiyel na tsakiya ya buɗe, ya raba ta da birkin hannu.

Akwai wata asarar da ba a gani. A Land Cruiser 80 mai ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki da ƙarfi, da zarar an kulle diferansiyel na tsakiya ABS yana kashe kansa, fitilarsa ta kama. Haka kamfani ya tsara, don kullewar ta cikin rairayi da taɓo ce, a hankali. A Prado 120 da sauran masu na'urar VSC mai daidaita mota in ta fara zamewa, kullewar tana kashe VSC. Wanda ya bar buton a danne ya kama hanyar Ƙonni da gudun kilomita ɗari, yana tafiya ne ba tare da su ba. Abin takaici, maganin da wasu ke yi wa fitilar shi ne cire ƙwanta, ko liƙe ta da baƙin sikoc.

Wasu motocin suna yaudarar makanike, don ko ba a kulle komai ba suna motsawa bayan an cire farfela. Da yawa daga cikin 80 na shekarun ƙarshe suna da biskokupler, wani rufaffen gwangwani mai siraran faifai da man silikon mai kauri, wanda ke riƙe gaba da baya in juyinsu ya bambanta. An yi shi ne ya taimaka na ɗan lokaci in taya ta zame. In aka ɗora masa jan mota duka, mansa zai yi zafi, ya lalace, ƙarshe ya ƙame ko ya saki gaba ɗaya. In an ajiye motar a gangara kuma, yana sakin ta kaɗan-kaɗan, ka dawo ka tarar ta bar inda ka aje ta. RAV4 na 2000 zuwa 2005 da wasu daga cikin Highlander na farko masu jan huɗu, waɗanda suka yi yawa a Yamai, irin tsarinsu ke nan, kuma su farfelar baya ake cire musu in ta fara ƙara. Matsalar ɗaya ce. Prado 120 da Land Cruiser 200 kuwa diferansiyel nasu irin Torsen ne, mai raba ƙarfi kashi 40 gaba, 60 baya, kuma sai ya sami abin turawa a ɓangarorin biyu yake aiki. In ɗaya ya zama wofi, ɗayan ma bai sami komai ba.

Sai masu walda. Su buɗe buwat transfer, su narka ƙananan pinyon diferansiyel su zama dunƙule, su sa makullan taya a gaba, masu raba taya da kardan a FREE, su haɗa su a LOCK. Pinyo ƙarfe ne da aka ƙona ya yi tauri, walda a kansa tana tsagewa, ɓarɓashin ya bi mai ya shiga rulma. Kuma ko waldar ta riƙe, farfelar gaba da pon gaba suna nan suna juyi kullum, ba man da aka rage. Ranar da aka manta makullan a LOCK aka hau gudron, sai murɗewa ta fara. Ga lissafinta. Taya 275/70 R16 tsayinta milimita 791 ne, tana juyi kimanin sau 402 a kilomita guda. In tayun gaba sun cinye milimita 6 fiye da na baya, tsayinsu ya ragu da 12, wato kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. A kowace kilomita, gaba da baya sun saɓa da mita 15, juyi shida ke nan na taya, a miƙaƙƙiyar hanya ma, ba a zo kwana ba. A rairayi taya tana zamewa ta sauke wannan bambancin. A busasshen gudron ba ta samun zamewa cikin sauƙi, sai ƙarfin ya taru a cikin ƙarafa: sitiyari ya yi nauyi, taya ta riƙa tsalle a kwana, mai ya yi zafi, daga bisani kardan ko haƙorin pon ya karye. Daga Tawa zuwa Yamai ta Tsarnawa, Dogon Dutsi da Doso kimanin kilomita 550 ne, mai karatu ya ninka da kansa.

Ba muna cewa ba a iya yin aikin daidai ba ne. A Land Cruiser 80 da 100 akwai kayan da aka ƙera don haka. Ana tsiyaye mai, a buɗe bayan buwat transfer, a fitar da biskokupler in akwai, a fitar da ƙananan pinyo, a sa wani dunƙulen ƙarfe da aka sassaƙa wanda ke kai ƙarfi ga farfelar baya kai tsaye. Da wannan, jan baya da riƙon P ba su dogara da buton ba kuma. Zoben da dā yake kulle diferansiyel shi ne yanzu ke sa jan gaba. Rulma ana danna ta da injin matsi, ba da guduma ba, a auna matsinta da siraran faifai yadda littafin motar ya faɗa, a sa man liƙi kaɗan don kada ya toshe hanyoyin mai, a zuba 75W-90 har bakin rami, wanda bai kai lita biyu ba. A gaba kuma ana cire faifan da ke haɗa kardan da taya, a sa makullai masu FREE da LOCK, irin na Aisin ko AVM. Nan ne ake yawan kuskure. Tsawon bakin kardan da wurin zaman sirklip sun bambanta tsakanin shekarun 80, don haka a auna kafin a saya. In bakin ya gajarce, haƙoran makulli za su kama kaɗan ne kawai, su cinye a hawan tudun rairayi na farko. Noti shida ne ke riƙe kowane makulli, kowanne da ɗan zobensa mai siffar mazurari, kuma shi zoben nan ne ke hana motsi. Wanda ya jefar da su ya sa wasar banza, bulon zai karye. A ɗaure da kile mai auna ƙarfi, a sake duba ɗaurin bayan tafiyar farko. Giris a cikin makullin kaɗan ake shafawa, in aka cika shi sifirin ba zai iya tura haƙora ba, ka murɗa zuwa LOCK amma bai kama ba.

Ko da an yi duk wannan, 80 mai ABS tana da sauran magana, kuma ita ce aka fi ɓoye wa mai mota. Zoben haƙoran da na'urar ke karanta gudun tayar gaba da shi yana jikin kardan ne, ba jikin taya ba. In makullai suna FREE, kardan ya tsaya, na'urar ta ga tayun gaba a tsaye alhali mota na gudu. ABS ba zai yi aikinsa ba. Hanya ɗaya ta dawo da shi ita ce barin makullan a LOCK ba tare da danna buton ba, kuma in aka yi haka pon gaba ya ci gaba da juyi, ribar da aka kashe kuɗi dominta ta tafi. Ra'ayinmu a nan a fili yake: 80 mai ABS da ke ɗaukar iyali ko ma'aikata a gudron, a bar ta yadda aka yi ta. Wanda ya nace, to ya sa a duba masa birki duka kafin ya fita, har da bawul ɗin da sandarsa ke haɗe da pon baya, mai rage ƙarfin birkin baya in mota ba ta da kaya. In bawul ɗin nan ya ƙame, ko an ɗaga motar ba a daidaita sandarsa ba, rabon birki tsakanin gaba da baya ya lalace, kuma yanzu ba na'urar da za ta rufe wannan aibin.

Abin da ya fi damunmu shi ne hannun direba. Wanda ya shekara goma yana tuƙa VX ya saba da mota mai jan kanta da tayu huɗu. Ya taka wuta a tsakiyar kwana a laterit mai gargada, ta bi inda ya nufa. Bayan gyara, ƙarfin inji duka ya koma tayun baya biyu. A kwanar nan ɗaya, da takun nan ɗaya, baya zai fita gefe. Direba ya murɗa sitiyari da sauri don ya gyara, taya ta kama tudun gefen hanya, mota mai tsayi da jarkoki da tayar sakur a kan rufi sai ta kife. Haka ruwan farko na damina a gudron, lokacin da ƙura da man da suka kwanta suka zama santsi, ko jaki da amalanke su faɗo hanya da dare. A gangarowa daga duwatsun wajen Keita da Buza, riƙon inji da dā yake rabuwa a tayu huɗu yanzu yana kan biyu, waɗanda kuma su ne nauyi ke barinsu in mota ta dubi ƙasa. Kuma abin da motar ta fi Hilux da shi, wato jan huɗu a gudron mai ruwa ba tare da murɗewa ba, ya tafi. Zaɓi biyu ya rage: baya kaɗai, ko a kulle.

To me aka samu? Sitiyari yana yin sauƙi, kardan da pon gaba suna hutawa, rawar da farfelar gaba ke yi a motar da aka ɗaga tana ɓacewa. Waɗannan gaskiya ne. Maganar mai kuwa, ragin kaɗan ne, domin nauyin ƙarafan yana nan a jikin mota, iskar da take turawa ma tana nan. Kafin mutum ya kashe kuɗi, ya cika tanki har baki, ya rubuta kilomita, ya yi tafiyarsa ta kullum, ya sake cikawa a famfo ɗaya, ya raba lita da kilomita. Ya yi haka sau uku. Sannan ya gyara iskar taya, ya canza filtar iska wadda ƙurar hunturu ta toshe, ya sa a duba injekta da birkin da ke kamawa, ya sauke kayan da ke kan rufi, ya rage gudu, ya sake aunawa. Sau da yawa abin da ake nema a buwat transfer a nan yake. In kuma ƙarar pon gaba ce ta kawo maganar, cire farfela bai gyara ta ba, domin muddin faifan taya suna nan, tayun ne za su ci gaba da juya kardan da pon ɗin da ya lalace. An gudu ne ba a tsira ba.

Wanda motarsa ta riga ta koma haka ta hanyar da ta dace, ga abin da ya kamata ya riƙe. Kada ya danna buton kat-kat yana tafiya makullai suna FREE, don farfelar gaba a tsaye take, zoben kuma ba shi da abin daidaita gudu, haƙora za su ci juna. In zai bar gudron ya nufi Cintabaradan ko rairayin Azawak, ko sama ta haɗa a watan Agusta, ya tsaya ya murɗa makullan biyu zuwa LOCK tun kafin ya buƙace su, ba sai ya nutse a ƙorama ba. Biyun tare, kada ɗaya ya rage. Da ya dawo busasshiyar hanya ya fitar da kat-kat, in ta ƙi fita ya ɗan ja da baya a miƙe har murɗewar ta saki. Ya yi hattara da ƙaramar giya L makullai suna FREE: a 80 tana ninka ƙarfi kusan sau biyu da rabi, kuma duka zai sauka kan pon baya shi kaɗai. Sau ɗaya a wata ya kulle makullan ya yi tafiyar kilomita 16 ko fiye, kamar yadda littafin Toyota na motoci masu irin makullan nan ya shawarta, don mai ya watsu a rulma da haƙoran saman pon, kada su yi tsatsa a zaune.

Wuri ɗaya ne muka yarda da cire farfela da kulle diferansiyel: in kardan ko pon gaba ya karye a daji, nesa da garaji. A nan a yi wa bakin farfela alama, a kwance ta, a cire faifan tayun gaba biyu, a ɗaure bakin da tsumma mai tsabta saboda ƙura, a kulle tsakiya, a taho gida a hankali. Duk inda aka tsaya a tokare taya da dutse. Wannan dabarar isowa gida ce, kwana ɗaya ko biyu.

Mai sayen tsohuwar kat-kat ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya ga farfela biyu da idonsa. Ya murɗa kile ba tare da tada inji ba, fitilar ABS ta kama sannan ta mutu, in ba ta kama sam ba an taɓa ta. Ya sa a ja birkin hannu, a tokare tayun baya, a bar giya a sake, a ɗaga tayar gaba ɗaya a ɗora motar kan ƙafar ƙarfe, ba kan jak kaɗai ba, ya juya tayar da hannu, buton a kashe, makullai a LOCK in akwai su. In ta juya tare da farfela, lafiya. In ta juya da nauyi a hankali, biskokupler ne yake aiki. In ta ƙi motsi sam, ko ya ƙame ko an yi walda. Sannan ya zaga da'ira ƙarama a ƙasa mai tauri, ya saurari tsalle da ƙarar taya.

Roƙonmu ga ƴan'uwanmu masu garaji shi ne duk wanda ya yi wannan gyara ya rubuta abin da ya cire da abin da ya sa a takarda, ya ba mai mota, ya manna ƙaramin rubutu kusa da buton cewa ba a sa kat-kat a gudron, ya kuma mayar masa da tsofaffin kayan don a iya dawo da motar yadda take. Mai mota shi ma ya sanar da kamfanin asiransinsa a rubuce, ya kuma zaunar da duk direban da zai ba kile ya nuna masa makullan, domin motocin ma'aikatu da ƙungiyoyi hannu da yawa ke tuƙa su, kuma wanda ya ɗauke ta da asuba zuwa Agadas sau da yawa ba shi ne ya kai ta garaji ba.

Mun gode da filin da ka ba mu. Wassalam.

Daga wasu makanikan kat-kat,
Tawa